Tabon da Ke Kafaɗar Yayana

Assalamu alaikum. Sau uku ina fara rubuta wannan wasiƙa ina yagewa, domin ban tabbata ko ya dace in fitar da maganar gida waje ba. Na yanke shawarar aikowa ne saboda ina ganin wataƙila ta amfani wani. Ina roƙon a sakaya sunana, ni ma ba zan ambaci sunan kowa ba.

A lokacin da abin ya faru ina da shekara ashirin da tara, ban daɗe da gama digiri a fannin koyar da ilimin halittu ba, ina koyarwa a wata makarantar sakandare a Safana. Asalinmu wani ƙauye ne a yankin Ruma, daga bayan gonakinmu ana hango bakin daji. Ni ne na farko da ya taka jami'a a gidanmu, kuma ba da ƙarfina na taka ba. Mahaifinmu ya rasu ina aji biyu na sakandare, yayana ne ya ɗauki gona da gida da ni gaba ɗaya. Mu biyu ne maza a wurin Inna. Shi ya ɗauko kamarta, dogo, fari, siriri, domin ita Bafillatana ce, ni kuma na ɗauko baƙin Baba da gajartarsa. Halina tun ina yaro shi ne tsoron kuskure. Ba na iya cewa abu kaza ne kai tsaye, sai na ce ina jin, ko mai yiwuwa, ko Allah ne masani. A jami'a an yaba mini wannan hali, malamai suna cewa haka mai ilimi yake magana. Yaya kuwa tsokanata yake yi, yana cewa ko sunana aka tambaye ni sai na ce bari in bincika.

Ciwon Yaya a fata ya fara, shekaru kafin ya taɓa gaɓɓai. Wasu tabo ne masu kauri suka fito masa a gwiwar hannu da gwiwar ƙafa da ƙeya, baƙi-baƙi, samansu da ɓawo kamar toka, in ya sosa sai ya yi ta zuba. Inna ta ce kirci ne, irin wanda Baba ya yi fama da shi, tana shafa masa man shanu. Ba wanda ya damu. Daga baya faratansa suka soma yin ƙananan ramuka, wasu suna ɗagowa daga nama. Sai kuma ya fara tashi da safe jikinsa a sandare, dunduniya ba ta takuwa, sai rana ta ɗaga ya ɗan motsa sannan ya warware. Wata damina yatsansa manuni na hannun dama ya kumbura tun daga tushe har ƙarshe, ya yi suntum, ya ƙi lanƙwasuwa. Kafaɗar dama ita ma ta kama, har ya kasa ɗaga fartanya sama da ƙirjinsa. A ƙauye maganganu suka rabu. Wasu suka ce sanyi ne, wasu suka ce jifa aka yi masa saboda gonarsa tana kyau, wasu kuma suka soma raɗa kalmar da na fi tsoro, wato kuturta. Na lura a masallaci akwai waɗanda suka daina miƙa masa hannu, sai dai su dafe ƙirji daga nesa.

Wani hutu na ɗauke shi a babur zuwa asibiti a Batsari. Malamin asibitin da ya duba shi mutum ne mai haƙuri. Ya ɗauki auduga ya shafa a kan tabon, ya tambaye shi ko yana ji, Yaya ya ce yana ji sarai, har ƙaiƙayi yake masa. Malamin ya ce shi dai ba ya ganin kuturta ce, domin tabon kuturta ba ya jin taɓi, amma abin ya fi ƙarfin wurinsu, kuma yana zargin fatar da gaɓɓan ciwo ɗaya ne. Ya rubuta takarda ya ce mu kai shi babban asibiti a Katsina, kada mu ɓata lokaci. Da ni ya yi wannan bayanin, rabi da Turanci, Yaya yana can gefe yana ɗaura rigarsa. Da muka fito ya miƙo mini takardar ya ce ni ne idonsa, in gaya masa abin da aka rubuta. Na ce masa an ce ya ci gaba da shan maganin rage zafi, in abin ya tsananta sai a je Katsina. Wannan ita ce ƙarya ta farko, kuma na yi ta ne a natse, ba wanda ya matsa mini.

Na sha tambayar kaina dalili. Ina iya cewa hanya ce, domin a wannan lokaci ana tare motoci, kuma gaskiya ne. Ina iya cewa aiki ne, shi ma gaskiya ne. Amma in zan faɗi abin da ke ƙasan zuciyata, ina neman aure a Safana a wani gida na mutunci, kuma na ji tsoron mu je Katsina a gwada a ce kuturta ce. Malamin asibitin cewa ya yi ba ya gani, bai ce ya tabbata ba, ni kuwa na san nisan da ke tsakanin waɗannan biyun fiye da kowa. Na ga gara mu zauna cikin rashin sani. Na ninke takardar na sa a cikin jakar da nake ajiye takardun makarantata. Na shiga kemis na ce a haɗa mini magani mai ƙarfi na ciwon gaɓɓai, aka haɗa da wasu ƙananan ƙwayoyi farare irin waɗanda mata ke sha don su yi ƙiba. Cikin mako biyu Yaya ya miƙe, tabon ya lafa, ya koma gona yana cewa bokona ya yi rana. Da ƙwayoyin suka ƙare ciwon ya dawo da ƙarfin da bai taɓa yi ba, fatar ta bazu har baya da ciki, kafaɗar ta hana shi barci.

A nan ne Inna ta kira wanzami. Ba na zarginta, kuma ba na zarginsa. Shi ya yi mana kaciya, shi ke yi wa rabin ƙauyen ƙaho duk shekara, abin da ya gada ya yi. Amma sai da Inna ta tambaye ni tukuna, ta ce auta, kai ka yi karatu, a yi ko kada a yi. Na ce ban ga zai yi amfani sosai ba, amma mai yiwuwa ba zai cutar ba. Ta ɗauki wannan a matsayin na yarda. Da hantsi aka shimfiɗa tabarma a zaure. Wanzamin ya ce wa Yaya ya nuna masa inda ciwon yake bi, Yaya ya ja yatsa daga bayan kafaɗa, ya haura ta sama, ya gangaro ƙirji a karkace. Nan wanzamin ya bi da aska, tsaga a jere kusa da kusa, ya kafa ƙaho yana zuƙa, jini baƙi yana taruwa yana juyewa a kasko. Wannan Yaya ya daure. Da aka zo kan gwiwar ƙafarsa, wadda ita ma ta kumbura, sai wanzamin ya ce sai an yi sakiya, ya sa tsinken ƙarfe a garwashi har ya yi ja. Aka ce in danne shi. Na hau ƙirjin yayana na danne hannuwansa da gwiwoyina, wani maƙwabci ya riƙe ƙafafu. Har yau ina jin ƙaurin naman, da yadda jikinsa ya banƙare a ƙarƙashina, da yadda ya ciji hannun rigata don kada matarsa ta ji kukansa daga cikin gida. Duk wannan lokaci takardar tana cikin jakata a Safana.

Tsagar ba ta warke yadda tsaga ke warkewa ba. Bayan makonni kaɗan duk inda aska ta taɓa sai ya zama sabon tabo mai ɓawo, suka haɗe da juna suka zama layi ɗaya mai faɗin yatsa uku, baƙi, mai kauri, ya tashi daga baya ya haye kafaɗa ya sauko ƙirji. Na gani da idona, na yi mamaki, ban yi tunanin komai ba bayan mamakin.

Dole in ɗan yi bayanin yadda yankinmu yake a lokacin, don wanda ba ɗan nan ba. 'Yan bindiga suna fitowa daga daji su kore shanu, su kwashe mutane, su kashe wanda ya tsaya. Ƙauyuka da yawa sun watse. Matasa suka kafa ƙungiyoyin sa-kai suna gadin hanyoyi, kuma ba zan musanta ba, akwai garuruwan da ba don su ba da babu kowa a cikinsu yau. Amma suna da wata hanya ta gane ɗan daji da kowa ya yarda da ita ba tare da tambaya ba. In sun tare wanda ba su yarda da shi ba sai su tuɓe masa riga su duba kafaɗa, domin an ce igiyar bindiga tana barin kanta a inda ake rataya ta. Sai su duba manunin hannun dama, domin an ce yatsan da ya saba da kunamar bindiga yana kauri. Ni ma na san wannan, na sha jin ana ba da labarinsa a majalisa. Ban taɓa haɗa shi da jikin Yaya ba.

Ranar wata kasuwar Batsari ce, kwana biyu bayan an kai hari wani ƙauye da ke gaba da namu an kashe mutane a gonakinsu. Na je gida hutun makaranta, Yaya ya ce in kai shi kasuwa ya sayar da gyaɗa ya sayi takin da zai sa wa dawa, tunda hannunsa ba ya iya riƙe kan babur. Wajen ƙarfe goma na safe muka iske an gindaya itace a hanya, matasa sun fi ashirin, da sanduna da adduna da bindigogin toka. Ba 'yan ƙauyenmu ba ne. Akwai masu babura da a-kori-kura da aka tsayar a gefe, mutane suna tsaye cirko-cirko. Ni suka dube ni, riga da wando da tabarau da katin aiki a wuya, suka ce in tsaya can. Yaya suka kalla suka ce ya sauko. Ya sauko a hankali saboda gwiwarsa, wani ya ce ga shi ma yana ɗingishi, ko harbin shekaranjiya ne ya same shi. Suka tambaye shi garinsu, ya faɗa. Ɗaya daga ciki ya ce ai garin nan kowa ya gudu sai waɗanda ke da bakin magana da daji. Yaya ya yi dariya ya ce sai dai waɗanda ba su da ƙafar gudu, ya nuna gwiwarsa. Ba wanda ya taya shi dariyar.

Aka ce ya tuɓe riga. Kafaɗar ba ta ɗaguwa, yana ta kici-kici, sai wani ya sa wuƙa ya farke rigar daga wuya. Da layin nan ya bayyana suka matso suna nuna shi. Wani ya fizgo hannunsa na dama ya ɗaga sama ya nuna wa jama'a yatsan. Ban san wanda ya fara kai duka ba. Na dai ga Yaya a ƙasa, an ɗaure hannuwansa ta baya da igiyar da muka ɗaure buhun gyaɗa, an ja kafaɗar da ba ta ɗaguwa har sai da na ji ta yi ƙara. Yana cewa ciwo ne, tsagar wanzami ce, ku tambayi ƙanena, malamin makaranta ne, ya sani.

Shugabansu ba yaro ba ne, zai kai shekara arba'in, idanunsa jajaye kamar bai yi barci ba kwana da kwanaki. Daga baya na ji cewa ƙanensa yana cikin waɗanda aka kashe a harin. Ya ɗaga hannu aka dakata. Ya zo gabana, kuma in faɗi gaskiya da ladabi ya yi mini magana. Ya ce, “Malam, kai mai ilimi ne, mu ba mu yi boko ba. Wanga tabo ciwo ne ko igiyar bindiga? In ka ce ciwo ne ka rantse, mu sake shi. In daga baya muka gano ƙarya ka yi, ku biyu ne.”

Kalma biyu ake nema daga gare ni. Na san tarihin kowace tsaga a wannan kafaɗa, ina zaune aka yi su. Amma sai kaina ya shiga irin lissafin da ya saba. Na tuna Yaya yana da tsohuwar bindigar farauta ta Baba a ɗaki. Na tuna watanni nake yi a Safana ban san abin da yake yi kullum ba. Na tuna ba a taɓa gwada ciwon ba balle in san sunansa. Kuma fiye da duk waɗannan, na ji kalmar nan ta ku biyu ne. Na buɗe baki na ce, “Ina kyautata zaton ciwo ne. Amma ni ba likita ba ne, ba zan iya tabbatarwa ba.”

Mutumin ya dube ni, ya juya ya ce wa yaransa ko ɗan'uwansa ya kasa rantse masa. Abin da ya biyo baya ba na son in tsawaita, amma na yi alkawari ba zan ɓoye ba. Suka rufe shi da sanduna. Suka kwance hannun dama suka ɗora a kan itacen da suka tare hanya da shi, wani ya sa gindin bindiga ya yi ta dukan yatsun yana cewa da wannan ka harbe su. Sanda ta fasa masa goshi, jini ya rufe masa ido. Ɓawon fatar bayansa ya ɗaye inda aka ja shi a kan tsakuwa, ya zama jan nama. Na ji wani yana tambaya ko akwai mai a cikin babur ɗinmu. Ni ina tsaye inda aka ce in tsaya, ina cewa ku yi haƙuri, ku yi haƙuri, da muryar da ko ni da kyar nake jinta.

Wanda ya cece shi wani tsohon mahauci ne da ke bayan a-kori-kura da awakinsa, zai kai kasuwa. Ya diro yana zagi, ya ratsa su da kafaɗa kamar yana ratsa garke, ya tsaya a kan Yaya ƙafa ɗaya nan ɗaya can. Ya ce ya san wannan yaro tun yana goye, ya kira sunan Baba da na kakanmu. Ya ce, “Ciwon gidansu ne. Ni na wanke gawar ubansa, irin wanga ɓawo har a gadon bayansa. Ku kawo Alƙur'ani in dafa. Wanda zai ƙara taɓa shi ya fara da ni.” Ya tsugunna ya sa farce ya kankare tabon a gabansu, ɓawon ya zubo kamar dusa, ya ce su gaya masa wace igiya ce ke yin dusa. Ya nuna musu irinsa a ƙeya da gwiwar ƙafa, ya tambaye su ko a ƙeya ake rataya bindiga. Ya ce wa shugaban nasu ya san an yi masa rashi, amma wannan ba shi zai dawo masa da kowa ba. Sandunan suka sauka ɗaya bayan ɗaya. Tsohon nan bai san sunan ciwon ba, ko harafi ɗaya na boko bai sani ba. Ya juyo ya kalle ni ya ce, kai kuma mi kake jira, kama ƙafafunsa.

A cikin awaki muka kwantar da shi har Batsari. Aka ɗinke goshin, aka ce hannun sai Katsina. Tafiyar da na ƙi yi wata takwas muka yi ta a yini ɗaya.

A Katsina, bayan likitocin ƙashi sun gama nasu, aka kira wata likita ta zo ta dube shi saboda fatar. Ta duba faratansa ɗaya bayan ɗaya, ta buɗa gashin kansa, ta matsa dunduniyarsa, ta tambayi yadda yake tashi da safe da kuma ko wani a gidan ya taɓa yin irinsa. Aka ɗauki hoton ƙashi, aka ɗebi jini. Zan faɗi abin da ta bayyana mana iya yadda na fahimta, in na yi kuskure masana su gyara. Ta ce ciwon fatar sunansa soriyasis, kuma wasu daga cikin masu shi yana gangarowa ya kama musu gaɓɓai, ya zama amosanin gaɓɓai mai tafiya tare da shi. Ba kuturta ba ce, ba sammu ba ne, kuma ba a ɗauka ta gaisawa ko cin abinci a kwano ɗaya. Garkuwar jikin mutum ce, wadda aikinta yaƙar cuta, take rikicewa ta koma kan fatarsa da gaɓɓansa. Ta ce ba a gama sanin dalilin ba, amma yana bin jini, shi ya sa ake samunsa a gida ɗaya, kuma abubuwa irin su tashin hankali, da wata rashin lafiya, da shan taba, da ƙiba suna iya tayar da shi. Da ta ga layin kafaɗar ba ta yi mamaki ba. Ta ce halin ciwon ne, duk inda aka ji wa fata rauni, ko yanka ko ƙuna ko susa, nan yake son fitowa, don haka tsaga da sakiya ƙara masa wuri suke yi. Ƙwayoyin kemis kuwa ta ce suna kwantar da shi na ɗan lokaci, amma in aka sha su barkatai aka yanke farat ɗaya suna iya tayar da fatar fiye da da.

Game da magani ta ce ba a warkewa kwata-kwata, amma ana danne shi mutum ya yi rayuwarsa. Akwai na shafawa don fata, akwai na rage zafi da kumburi, sannan akwai wanda ke hana gaɓɓai lalacewa, ƙwaya ce da ake sha sau ɗaya a mako, ba kullum ba, ta nanata wannan har sau uku. Ana haɗa ta da wata ƙwayar taimako, kuma dole a riƙa gwada jini lokaci-lokaci don a ga lafiyar hanta. Ta ce mace mai ciki ko mai neman ciki ba ta shan ta, namiji ma ya yi shawara da likita. In wannan bai yi ba akwai wasu allurai masu tsada da wuyar samu. Ta ce ya riƙa motsa gaɓɓan a hankali, kada ya kwanta ya bar su. Sai ta ƙara da abin da ya fi dukana, cewa gaɓar da ta riga ta cinye ba ta dawowa, amfanin maganin shi ne a fara da wuri. Ta tambaya ko ba wanda ya taɓa ce mana mu zo. Yaya ya ce an ce sai in ya tsananta. Na ce a'a, ba haka aka ce ba. A gabanta da gaban masu jinya na gadon kusa na faɗi abin da ke cikin takardar da inda na ajiye ta. Yaya ya juya fuskarsa bango.

Yanzu shekara uku ke nan. Maganin ya karɓe shi, fatar ta lafa sosai, yana tafiya ba sanda, da safe ma yana tashi ba sai an ɗaga shi ba. Amma yatsu uku na hannun dama sun tafi ke nan, sun ƙage a lanƙwashe, kafaɗar kuma ba ta wuce inda take. Likita ta ce ba za ta iya raba abin da ciwo ya yi da abin da duka ya yi ba. Ba ya noma. Sun dawo cikin Batsari shi da iyalinsa da Inna, yana zama a rumfar wani mai hatsi yana awo da hannun hagu. Auren da na ɓoye takarda dominsa an yi shi, surukaina da suka ji sunan ciwon ko a jikinsu. Duk wata ni nake kai shi Katsina.

Abin da na koya ba mai yawa ba ne, amma ina roƙon a saurara. Wanda ya ga tabo mai ɓawo a jikinsa ko na wani nasa, sannan gaɓɓai suka fara kumburi, ko yatsa ya cika gaba ɗaya, ko farce ya soma ramuka, ya nemi asibiti da wuri, ya faɗa wa likita duka biyun tare, kada ya kai fata wani wuri gaɓɓai wani wuri. Kada a sa aska ko wuta a irin wannan fata. Kada a sayi haɗin kemis. In an ba ku takarda zuwa babban asibiti, ku sa mutum biyu su karanta muku ita. Masu gadin hanyoyinmu kuma, na san abin da kuka gani, ban isa in raina shi ba, amma tabo a kafaɗa ba shaida ba ne, akwai cututtukan da ke yin abin da ya fi wannan kama da laifi. Sai ku 'yan'uwana 'yan boko, da aka sayar da amfanin gona aka kai ku makaranta. Taka-tsantsan a magana abu ne mai kyau a aji da wurin bincike. Ni na yi amfani da shi na ɓoye tsorona, na daɗe ina kiransa gaskiya. In ka san abu, kuma ran wani yana rataye da shi, ka faɗe shi a miƙe.

Inna ba ta san abin da na ce a ranar ba. Labarin da Yaya ya ba ta shi ne wai ni na kwanta a kansa na tare masa sanduna har mahaucin ya iso. Duk lokacin da na je gaishe ta sai ta kama kaina ta sa mini albarka a kan haka, ni kuma in sunkuya in ce amin. Kwanan baya a mota, muna dawowa daga asibiti, na daure na ce masa zan gaya mata gaskiya, na kasa ɗaukar albarkar da ba tawa ba. Sai ya ce kada in soma. Ya ce 'ya'ya maza biyu gare ta, ɗaya ya riga ya lalace a hannu, ba zai yarda ɗayan ya lalace a idonta ba, in kuma abin yana yi mini nauyi to in ɗauka, shi ma yana ɗauke da nasa.